WA KE ZAƁA WA MANOMI ABIN DA ZAI SHUKA?

Yau maganar hatsi za mu yi, kuma a kasuwar Wudil za mu tsaya mu yi ta, domin duk wanda ya saba cin wannan kasuwa ran Juma'a ya san ba sai ya kunna rediyo ba kafin ya ji halin da ƙasa take ciki. Ka je wajen masu awo, ka tambayi kuɗin kwanon gero da na masara, ka dubi fuskar mai saye da ta mai sayarwa, shi ke nan ka gama jin labaru.

A tsakiyar daminar 2024 mai saye ne yake kuka. Buhun masara ya haura Naira 70,000. Kuɗin da a da yake auna wa magidanci kwano uku, sai ya koma gida da ɗaya. Ofishin ƙididdiga na Gwamnati da kansa ya ce a watan Yuni na wannan shekara tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 bisa ta Yunin da ya gabace shi. Da kakar 2025 ta zo, sai kuka ya koma bakin mai sayarwa. Masarar nan ta faɗi ƙasa da rabin kuɗinta, shanshera ta bi ta, har ya zama a kasuwanni da yawa na Arewa buhun masara mai kilo 100 ba ya sayen buhun taki mai kilo 50. Gonakin su ne dai na jiya, manoman ma su ne. To, me ya sake?

Mu dai ga abin da muka gani. Manomi yana tsammani shi ne yake zaɓar abin da zai shuka a gonarsa, alhali kuwa tun zamanin Turawa wani ne yake zaune a ofis yana zaɓa masa, ta hanyar haraji, ko rance, ko taki, ko rufe iyaka da buɗe ta. Sa'an nan in amfani ya nuna, wanda ya yi zaɓin ya sake shawara ya bar manomi riƙe da buhu. Wannan dabi'a ita ce take kawo mana yunwa bana, araha baɗi, yunwa baɗin baɗaɗa. Bari mu bi sawunta tun daga farko, don kada wani ya ce ƙazafi muke yi.

TUN DAGA GYAƊA

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A kakar 1912 gyaɗa ta cika tasha har jirgi ya kasa kwashewa. Iyayenmu ba don son gyaɗa kaɗai suka ba ta gona ba. Haraji ne aka ce a biya da kuɗi, kuma da kaka ake karɓa, gyaɗa kuwa ita ce mai kawo kuɗi nan take. A 1913 ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar nan da tsofaffi suke kira Kakalaba, mutane suka yi ta mutuwa a ƙasar Kano. Wanda rumbunsa ya ƙare, kuɗin gyaɗar bara bai cece shi ba.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, ita ce mai yanke kuɗi, ita ce mai fitarwa waje. Shekara da shekaru abin da take biyan manomi bai kai kuɗin kasuwar duniya ba, rarar kuwa tana shiga aljihun hukuma. Dalar gyaɗar da ake yi mana kirari da ita har gobe, guminmu ne aka jera buhu bisa buhu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da fari ya zo a 1972 da 1973, cuta kuma ta cinye gyaɗa a 1975, sai dala ta rushe. A 1986 aka soke hukumar ɗungum. Manomin Utai da na Indabo da na Lajawa ya koma ga geronsa da dawarsa, babu wanda ya zo ya ce masa sannu.

DAGA ALKAMA ZUWA SHINKAFA

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba in mun gan shi. Madatsar ruwan Tiga da aka gama a 1974, wadda aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa da aka gama a 1992, su ne suka sa ruwa yake bi ta ƙarƙashin gadar Wudil rani da damina, har mai fadama ya sami sana'ar rani. Wannan aiki ne da ya zauna, domin ruwa ba ya sake ra'ayi in an sake Gwamnati. Amma ku dubi sauran. Janar Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa a 1976. Alhaji Shehu Shagari ya kawo nasa a 1980. Kowanne ya zo da ganga da tuta, ya tafi tare da mai shi.

A farkon 1987 Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama. Aka ce kowa ya shuka alkama, aka raba injinan ban-ruwa da rahusa, mutanen Kadawa da Kura da duk masu gona a bakin kogi suka duƙufa. A 1992 aka ɗage hanin, jiragen ruwa suka dawo da alkamar Amurka, ta gida ta rasa mai taya ta da daraja.

A 2012, zamanin Shugaba Jonathan, aka ce taki ta wayar hannu za a riƙa samu, buhu 2 a rabin kuɗi. Wasu sun samu, ba mu musu. Amma buhu 2 ba ya isar mai gona sosai, kuma dillalan taki da suka ba da kaya sun daɗe suna bin Gwamnati bashi. Da mulki ya sake hannu, shirin ya shuɗe.

Sai babban cikinsu. Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaba Buhari ya buɗe shirin rancen nan na Babban Banki a Birnin Kebbi, wanda jama'a suke kira Anko Borowa. Aka hana masu shigo da shinkafa samun dala daga hannun Gwamnati. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Kuɗin da aka zuba a shirin ya haura Naira tiriliyan 1. Nan da nan duk wani kwari da ruwa ke kwanciya ya zama gonar shinkafa. Injinan casa suka cika Kano. Mai gonar rake ya koma shinkafa, mai lambu ya koma shinkafa, har ma'aikacin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya karɓi hayar fadama. A Janairu 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto. Amma buhun da ake saye wajen Naira 10,000 a 2015, a shekarar da aka yi dalar ya haura 30,000. A farkon 2023 kuma Babban Bankin da bakinsa ya ce kusan rabin rancen bai dawo ba. Ku da kuke ƙauye kun fi kowa sanin su wa suka karɓa, kun kuma san manoman da aka rubuta a takarda waɗanda ba wanda ya taɓa ganin gonarsu. Kafin 2023 ta ƙare, sabon shugaban bankin ya dakatar da irin wannan rance.

AN BUƊE ƘOFA ANA TSAKAR NOMA

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Aka saki Naira ta faɗi. Injin ban-ruwa fetur yake sha, motar da take kawo hatsi kasuwa mai take sha, taki da maganin feshi kuwa dala suke bi. Buhun takin da Gwamnati ta yanke wa Naira 5,500 a 2017, a 2025 ya haura 35,000. Abinci ya yi tashin gwauron zabo. A Fabrairu 2024 mata masu gurasa suka fito titi a Kano sabo da tsadar fulawa, a Agusta kuma ƙasa ta ɗauki zanga-zanga.

Manomi ya ga hatsi yana kuɗi, sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ya sayar da akuya, ya ci bashi, ya sayi taki da tsada, ya faɗaɗa gonar masara da ta shinkafa a daminar 2024. Ana cikin haka, a watan Yuli, shuka ta riga ta tashi an yi noman farko, sai Gwamnati ta ba da sanarwa cewa ta ɗauke kuɗin kwastan har kwana 150 daga kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba in an shigo da su daga waje. Da aka fitar da sharuɗɗa, sai ga gero da dawa ma a ciki. Kuma ba kowa aka yarda wa ya shigo da su ba, sai manyan kamfanoni masu manyan injina. Ɗan kwaramin Wudil ko Darki ba shi da rabo a ciki.

Kada a ce mun ɓoye gaskiya. Wannan sanarwa ba ita kaɗai ta karya hatsi ba. An yi noma da yawa, Naira ta ɗan tsaya, ƙasar Indiya ta sake buɗe ƙofar fitar da shinkafarta a ƙarshen 2024 har kuɗinta ya sauka a duniya, masu ajiya kuma suka tsorata suka fito da kaya gaba ɗaya. Har wa yau, mun yi murna da magidanci ya sami sauƙin cefane, gama mu ma masu awo ne, muna da iyali. Abin da muke tuhuma shi ne lokaci da hanya. Wanda ya ce maka hau, in za shi janye tsani ai sai ya faɗa maka tun kana ƙasa.

LISSAFIN MANOMI

Manomi bai yi boko ba, amma ba a cutarsa a lissafi sau biyu. A ce mutum ne mai kadada ɗaya ta masara. Malaman gona suna cewa tana son taki buhu 6 ko fiye, kamfa da yuriya. In Allah Ya taimake shi ya sami buhu 20, to buhu 6 ko 8 sun tafi wajen taki tun bai taɓa komai ba. Saura kuɗin huɗa, da iri, da feshi, da 'yan ƙwadago, da sussuka, da buhunan zubawa, da mota. In gonar haya ce, ƙara wannan. In kuɗin bashi ne, ƙara na mai bashi. Me ya rage na tuwo, balle na magani da makarantar yara?

Sabo da haka da ruwa ya sauko, sai ya bar masara ya koma abin da ba ya cin taki sosai, watau dawa da gero da wake da riɗi da waken suya. Mai fadama kuma ya dubi kuɗin fetur ya rage kwamin shinkafa. Tun a daminar 2025 an ji manoma da yawa a Arewa suna faɗin haka, ba a ɓoye ba. Manomi da kuɗin bara yake shuka. Abin da kasuwa ta yi masa da kaka, shi yake ramawa da shuka. In kowa ya gudu daga masara, sai ta yi ƙaranci, mai kiwon kaji da kamfani su faɗo wa dawa da gero, kwanon talaka ya tashi. Sa'an nan Gwamnati ta farka ta ce a shigo da abinci, a sake karya wanda ya yi ƙarfin hali ya shuka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Arahar da aka samu ta hanyar karya manomi, bashi ce aka ci, kuma talakan birni ne zai biya ta da bazara.

ƊAN KASUWA BA SHI NE ƁARAWO BA

Duk ranar da abinci ya yi tsada, sai a nemi wanda za a ɗora wa laifi, kuma kullum ɗan kasuwa ne a kusa. A Fabrairu 2024 hukuma ta rufe wasu sito-sito a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ba mu goyon bayan attajirin da zai kulle abinci yana jiran mutane su galabaita, Allah wadai da wannan hali. Amma a bambanta shi da mai sayen buhu 20 ko 50 da kaka ya ajiye zuwa damina. Wannan shi ne rumbun gari. Ba don shi ba, wa zai sayi kayan manomi ranar da yake neman kuɗin biki ko na asibiti, kuma ina mai awo za ta sami hatsi a watan Yuli? Waɗanda suka yi ajiya a kakar 2024 da tsada, da yawansu sun sayar da asara a 2025, wasu jarinsu ya karye. Wanda aka kira ɓarawo da kaya suka yi tsada, da suka faɗi ba wanda ya tambayi lafiyarsa. In masu ajiya suka ji tsoro suka janye hannu da kaka, kuɗin hatsi ya ƙara faɗuwa a hannun manomi, da damina kuma a nema a rasa.

Ita Gwamnatin da take zargin wasu da ajiya, ina tata ajiyar? A wannan Fabrairu ɗin ta ce a fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. Ku raba wa mutum fiye da miliyan 200, kowa bai sami gwangwanin madara 2 ba. Gwamnatin Tarayya ta gina manyan rumbuna 33 a ƙasar nan, akwai ɗaya nan kusa da mu a Gaya, amma a 2018 ta amince a ba da hayar 20 daga ciki ga kamfanoni. Mai gidan da ya ba da hayar rumbunsa, da wane baki zai yi wa maƙwabci faɗa a kan ajiya?

GERO DA DAWA, MARAYUN GONA

Ku lura da abu guda cikin duk wannan tarihi. Gyaɗa don Turawa aka so ta. Alkama don burodi, shinkafa don birni, masara don kamfani da kaji. Gero da dawa da wake kuwa, waɗanda su ne tuwo da fura da kunu da ƙosai na mutanen Wudil da Garko da Gaya da Sumaila, ba mu taɓa ganin an jera musu dala an kira 'yan hoto ba. Alhali su ne suke jure ƙarancin ruwa, su ne suke yi da takin gida, su ne manomi yake komawa gare su duk ranar da shirin Gwamnati ya watse. Masana na Samaru ta Zariya da na Maiduguri sun fitar da iri masu saurin nuna, kamar geron nan da manoma suke kira sosat. Iri yana nan. Malamin gonar da zai kai shi ƙauye ne ya yi ƙaranci, da kasuwar da za ta tabbatar wa manomi kuɗinsa.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu zo da kuka kaɗai ba, ga buƙatunmu a fili.

Na ɗaya, Gwamnati ta faɗi mafi ƙarancin kuɗin da za ta sayi gero da dawa da masara da shanshera tun kafin ruwa ya sauka, ta kuma cika alkawari da kaka. Wannan ba baƙon abu ba ne. Indiya ta kafa hukumar ajiyar abinci tun 1965, kuma kowace shekara tana faɗin kuɗin amfanin gona fiye da iri 20 a lokacin shuka, har da gero da dawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a sayi hatsin a kasuwannin ƙauye irin Wudil da Darki, daga hannun manomi da ƙaramin ɗan kasuwa, da kuɗi hannu, ba ta hannun ɗan kwangilar Abuja ba. A ajiye shi kusa da inda aka noma shi, a fito da shi daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbun talaka yake ƙarewa. Da haka manomi ya tsira da kaka, mai awo ya tsira da damina.

Na uku, ko rufe iyaka za a yi ko buɗewa, ko sa kuɗin kwastan ko ɗaukewa, a ba da sanarwa tun da rani, a kuma faɗi yawan abin da za a shigo da shi da ranar da za a daina. Kada a sake sauya doka alhali iri yana cikin ƙasa.

Na huɗu, taki ya iso kasuwa kafin watan Mayu, da kuɗin da kowa ya sani, kowa ya saya. Takin da ake rabawa ta hannun 'yan siyasa bayan dawa ta yi kai, ihu ne bayan hari, kuma ƙarshensa a kasuwa ake ganinsa da ninkin kuɗi.

Na biyar, duk rancen noma da za a bayar, a liƙa sunayen waɗanda suka karɓa a ƙofar dagaci da bakin kasuwa, kowa ya karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku kuma 'yan'uwa, akwai naku. Manomi, kada ganga ta ruɗe ka ka ba amfani guda gonarka duka. Fara cika rumbu da abin da gidanka yake ci, sa'an nan ka nemi na sayarwa. Ɗan kasuwa, ka tuna manomin nan da ka taya wa kaya da wulakanci bana, in ya daina noma kai ma ka daina awo. Ku haɗa kai a ƙungiyoyinku, manoma da masu awo da 'yan kwarami da masu lodi, gama ciwonku ɗaya ne. Duk mai neman ƙuri'a da ya zo muku da buhun shinkafa da atamfa, ku tambaye shi a gaban jama'a: nawa za ku sayi buhun dawa da kaka, kuma yaushe za ku faɗa mana? In ya yi ta kame-kame, kun san irinsa, kun sha gani tun daga zamanin gyaɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun faɗi namu, saura mu ga wanda zai hau ya gyara kafin ruwa ya sauko. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu shugabanni masu tuna alkawari ranar girbi.